Ɗaurin Ƙafafun Kwaɗo

Akwatin wasiƙun Arvo Niemela ne ya jawo maganar. Shekara da shekaru yana tsaye a bakin hanya kan gungumensa, motar kwashe dusar ƙanƙara tana wucewa ta gefensa kowane hunturu, ba ta taɓa ko shafarsa ba. Sai ga shi wata safiya a ƙarshen lokacin zafi, mai akwatin da kansa ya kwashe shi da hancin mota yana dawowa daga sayen burodi. Akwatin ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa baki buɗe, kamar mai mamakin wanda ya yi masa haka.

Motar ita ce Kwaɗo. 'Yar ƙarama ce koriya mai kujera biyu, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya, fitilunta kuma a kwance suke cikin bonet, sai an kunna sannan su ɗago ido. Arvo ya saye ta shekarar da ya bar aikin ramin tama, shi da matarsa marigayiya Helmi, kuma Helmi ce ta raɗa mata sunan. Rabin shekara takan yi barci a tsohon ɗakin ciyawa lulluɓe da barguna don kada gishirin da ake zuba wa hanya saboda ƙanƙara ya ci ta, in ƙanƙara ta narke ta farka.

Labarin akwatin bai kwana ba ya isa garin Marquette, wurin 'yarsa Rhonda mai aikin jinya. Washegari sai ga ta a tsakar gida, ko rigar asibiti ba ta cire ba.

"Baba, miƙo hannunka in gani."

Ya miƙa. Yatsun suna ɗan kaɗawa kamar ganye a iska mai sauƙi.

"Kofi ne ya yi mini yawa," in ji shi.

"Kofi ne ya kayar da akwatin?"

"Motar ce take yawo, 'yar nan. Na ce mata dama, sai ta tsaya shawara da ƙafafunta."

"Mota ba ta shawara, Baba. Yau akwati ne. Gobe yaron wani ne a kan keke."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. Ta ce ta riga ta gyara masa ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanta, kusa da injin wanki. Ya san ɗakin. Tagarsa daidai take da ciyawar tsakar gida, ba abin da mutum ke gani sai ƙafafun masu wucewa. Ta ce ya ba ta makullai duka, na Kwaɗo da na a-kori-kurarsa. Daga gidan Arvo zuwa kantin da ya fi kusa daji ne zalla, don haka ranar da makullai suka tafi, shi ma ya tafi.

"Ki ba ni lokaci zuwa taron kaka," ya ce.

Kowace kaka, kafin a kwantar da motoci, 'yan ƙungiyarsu ta masu motoci kan taru a tsohon filin jirgin sama, su jera mazuraran roba masu ruwan lemo a kife, su zana hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, kowa ya bi shi kaɗai iya gudunsa.

"Ki zauna a gefena. In mazurari ɗaya ya faɗi, ni da hannuna zan sa miki makullan a jaka."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ɗaya tak?"

"Ɗaya tak."

"To. Amma kafin nan a-kori-kura kawai za ka riƙa hawa, kuma a hankali."

Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe a ƙafar mota akwai 'yar roba a tsakani, kamar guringuntsin gwiwa. Makanikai na ce mata bushin. Ba mai ganinta, ba mai yabonta, amma ita ke riƙe taya a inda aka ce ta tsaya. Arvo ya daɗe yana ganin roba ta fi kowane abu a jikin mota kama da mutum, domin ita kaɗai ce ke tsufa ko da ba a taɓa ta ba. Ya ɗaga Kwaɗo da jak, ya kafa mata turakun ƙarfe, ya shiga ƙarƙashi da sandar ɓanɓara. Ko ƙarfi bai sa ba, ƙafar baya ta karkata ta dawo. Robobin sun tsattsage kamar diddigen manomi, wata ma ta zama gari, yana taɓawa tana zuba masa a fuska. Ya kwanta a nan yana dariya shi kaɗai, baƙin gari a gemunsa.

Bai sayi irin na da ba. Ya aika aka kawo masa masu tauri irin na masu tsere, kowace a cikin zoben ƙarfenta, baƙi wuluk, suna ƙanshin sabon takalmi.

Reino Kangas, wanda suka yi aikin rami tare, kunnensa ɗaya ne ke ji, ya zo da gasasshen burodi mai cikin nama da dankali naɗe a tawul, ya zauna kan bokiti a kife. Ya ce taimako ya zo yi. Akasarin taimakon da baki ya yi shi.

Cire tsofaffin ya ci musu kwanaki. Tsatsa ta auri kowane noti. Waɗanda suka ƙi fita da guduma sai da aka sa musu wuta, hayaƙi baƙi ya turnuƙe tsakar gida, kare Sisu ya gudu ƙarƙashin baranda ya ƙi fitowa.

"Kai tsoho," in ji Reino yana tari, "in kashe ni kake so, ai da ka bar ni a rami."

"Ramin ma ƙin ka ya yi."

"Me ka ce?"

"Na ce miƙo sifana!"

Sa sababbin kuwa, nan ne Arvo ya ji daɗin ransa. Zoben bushin ya ɗan fi ramin da zai shiga faɗi, da gangan aka yi shi haka. Amma zafi na buɗa ƙarfe, sanyi na tsuke shi. Sai ya hura wuta a sauna, ɗakin zufan da ke bayan gida, ya jera ƙarafan ƙafar motar da bushin ke shiga cikinsu a kan bencin sama kamar baƙin da suka zo wanka. Robobin kuma ya cusa su a firiza tsakanin cinyar barewa da 'ya'yan itacen da ya tsinko a daji. Idan komai ya yi, sai ka ga tsofaffi biyu suna gudu a tsakar gida, ɗaya daga sauna da ƙarfe mai zafi a safar hannu, ɗaya daga kicin da roba mai raɓa, su haɗu a teburin aiki, a shafa mai, a matse. Bushin ta zame ciki da wata 'yar ƙara mai taushi, can kuma zafi da sanyi su daidaita, su riƙe juna riƙon da ba rabuwa.

"Da Helmi na nan," in ji Reino yana haki, "da ta ga ƙarfen mota a bencinta, da yau a daji za ka kwana."

"Da ita za ta riƙe mini ƙofa."

Saura kwana kaɗan taro, Arvo ya mayar da komai wurinsa shi kaɗai, don Reino ya tafi ganin likitan kunne. Motar tana sama kan turaku, tayoyi na reto. Zumuɗi ya ɗebe shi. Ya bi kowane noti ya ɗaure tamau, yana waƙa ƙasa-ƙasa, har sai da kafaɗarsa ta yi ƙara. Ya sauke ta.

Reino ya dawo ya same shi yana zagaya motar. Ya tsaya, ya karkata kai.

"Me ya same ta? Ta yi ɗage kamar matar da ta ga ɓera."

Gaskiya ne. Kwaɗo da aka sani a durƙushe, cikinta kusa da ƙasa, yau ga ta tsaye kan yatsu, tsakanin taya da jiki har mutum ya sa dunƙulen hannu.

"Sabuwar roba ce. Za ta zauna," in ji Arvo.

Ya fita gwaji a hanyar bakin kogi inda ba kowa. Motar ba ta yawo kamar da, amma wani sabon hali ta fito da shi. Kowane ɗan tudu sai ta yi tsalle, in ta sauka ba ta sauka inda ya zata. A kwanar gada bayanta ya zille, sitiyari ya fizge, ciyawar gefen hanya ta shafi ƙofa. Ya taka birki ya tsaya. Ya ɗaga hannuwansa daga sitiyari ya dube su. Rawa suke yi sosai, kuma ranar ko kofi bai sha ba.

Ya daɗe a zaune. Kogin na ta wucewa da jajayen ganyaye. Ya canja robobi duka, ba ɗaya da ya bari, to in ba robobi ba ne, saura wa? Ya ga tagar nan mai daidai da ciyawa, ya ga ƙafafun mutane suna wucewa, har ya fara tunanin irin takalman da zai riƙa ƙidaya.

Ya lallaɓa ya koma gida. Da zai fito daga motar, bakin wandonsa ya maƙale a hannun kujera. Ya sunkuya zai cire, sai idonsa ya faɗa kan kalmasar ƙafar wandon, ɗinki ƙanana a jere kamar sawun tsuntsu. Helmi ce ta yi. Ya tuna ranar. Ya zauna kan tebur yana kaɗa ƙafa, ya ce ta auna a haka, ita kuwa da allurai a bakinta ta ce, "Sauko, Arvo. Sa takalmanka, sa walat a aljihu, ka tsaya yadda kake tsayuwa. Ba a yi wa mutum kalmasa yana reto."

Ya saki wandon a hankali. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ga robar nan a murɗe, kamar tawul da ake matsewa.

Abin da ya sani ne tun yana saurayi, zumuɗi ya mantar da shi. Irin wannan roba ba juyawa take yi ba, murɗewa take. Duk inda aka ɗaure notinta, nan take ɗauka gida ne, kullum can take son komawa. Shi kuwa ya ɗaure su ƙafafu na reto, don haka tun da ya sauke motar robobin ke faɗa da ƙasa, suna neman mayar da ita sama. Sai an kwance, a tsayar da ita kan tayoyinta, da nauyin direba a kujera, sannan a ɗaure.

"Na gode, Helmi," ya ce wa wandon.

Shi da Reino suka jera guntayen katako masu kauri, suka ɗora kowace taya a kan tsibi ɗaya, yadda motar za ta tsaya da ƙafafunta kuma mutum ya iya shiga ƙarƙashi. Suna gamawa, jajiberin taro, motar Rhonda ta shigo. Arvo ya hango kujerar baya. Kwalaye ne a ninke, irin na kwashe kaya.

"Na ga kin zo da shiri," ya ce.

"Kwalaye ne kawai, Baba. Me motar take yi a kan itace?"

"Jiran ki take. Hau ki zauna a kujerata."

"Ni? A can sama?"

"Nauyina nake so a kujerar, ni kuma ina ƙarƙashi. Reino ya fi ni da rabin saniya, ba zai yi ba."

"Na ji wannan!" in ji Reino.

Ta yi tsaki, amma ta taka bokiti ta hau. Reino ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya yana auna ta da ubanta.

"Ba ta kai ba. Saura tumbi."

Aka kira Sisu aka ɗora mata a cinya. Reino ya sake dubawa, ya ce har yanzu da saura. Arvo ya shiga kicin ya fito da cinyar barewa daskararriya a naɗe da takarda, ya miƙa mata.

"Baba, sanyi gare ta!"

"Riƙe ta sama, kada Sisu ya samu dama."

"Kawu Reino, don Allah kada ka gaya wa kowa a asibiti."

"Me kika ce?"

"Shi ke nan, na shiga uku."

Arvo ya zame ƙarƙashi, Reino ya kwanta gefensa da tocila. Ya kama notin farko ya sassauta. Wata ƙara ta fito, ƙas, kamar wanda ya miƙe bayan dogon zama, kusurwar motar ta yi ƙasa. Ya koma na gaba, ƙas. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya. Da ya saki na ƙarshe, motar gaba ɗaya ta nutse a hankali, ta durƙusa yadda aka san ta.

"Baba!" Muryar Rhonda ta sauko daga sama. "Ta yi ajiyar zuciya! Na rantse na ji ta a jikina!"

"Yi ɗan tsalle a kujerar, ta gama zama."

Ta yi, kare na haushi, naman na zamewa, ita kuma tana dariya irin wadda rabon da ya ji tun tana yarinya. Sannan ya fara ɗaurewa, ba gaggawa, kowane noti daidai ƙarfinsa.

"Rhonda," Reino ya ɗaga murya daga ƙasa, "ga wani abin mamaki. Hannun nan in ya kama sifana ba ya rawa."

Da suka fito, Arvo ya ga tana shafa kan sitiyari da babban yatsa, daidai inda fatarsa ta goge. Kafin rana ta yi sanyi suka ja zaren kamun kifi a gefe da gefen motar, suka daidaita tayoyin da shi har kowace ta kalli gabanta sak.

Ranar taro gari ya waye garau, iska na cizo. Filin jirgin ya cika da motoci, tsofaffi da sababbi, da mutane riƙe da kofunan kofi suna leƙa injin juna. Matar da ke duba motoci ta kama tayar Kwaɗo da hannu biyu ta girgiza iya ƙarfinta. Ko motsi.

"Kai, Arvo, me ka ba ta ta ci?"

"Wanka na yi mata a sauna."

Kafin a fara, kowa ya bi hanyar da ƙafa kamar yadda aka saba. Arvo na tafe hannuwansa a gaba riƙe da sitiyarin da babu, yana lanƙwasa kafaɗa a kowace kwana, leɓɓansa na motsi. Kowane mazurari an zagaye gindinsa da alli. Reino an tura shi can kwanar ƙarshe, cikin masu tayar da waɗanda aka kayar.

Arvo da Rhonda suka sa hulunan kwano. Rhonda ta ja bel ta riƙe hannun ƙofa.

"Baba, ba sai ka yi gudu ba. Faɗuwa kawai muka ce."

"In na bi a hankali, kin ga tsoho ya lallaɓa. Ba abin da na kawo ki gani ke nan ba."

Aka sauke tuta.

Tun a kwanar farko ya san ta gyaru. Ya ce dama, ta yi dama, ba shawara, ba jinkiri, kamar tunanin bai gama fita daga kansa ba ta riga ta aikata. Hanyar ta zo masa ta tafin hannu, kowane tsagin siminti, kowane ɗan tsakuwa, tana gaya masa gaskiya. Suka shiga jerin mazurarai, hagu, dama, hagu, dama, motar na saƙa tsakaninsu tana shafa iskarsu. Tayoyi suka fara kuka siriri. Rhonda ta yi ihu, bai san na tsoro ne ko na daɗi ba, ita ma da alama ba ta sani ba. Ya taka birki a makare yadda yake yi shekarun baya, hancin ya duƙa, bayan ya biyo a ladabce.

A kwanar ƙarshe ya matsa ciki fiye da kima. Bai ji taɓawa ba, amma a madubi ya ga mazurari ɗaya ya karkata, ya tsaya kan gefe guda yana juyi kamar maye. Suka tsallake layi, ya tsayar da motar, su duka biyu suka waiwaya.

Mazurarin ya yi gaba, ya yi baya. Reino na tsaye a kansa, hannu a baya, ya sunkuya kamar mai kallon kaza za ta yi ƙwai. Sai abin ya dawo daram ya zauna cikin allinsa.

Reino ya buɗe hannuwa biyu, ya jefa hularsa sama. "Yana tsaye! Ɗan banza yana tsaye!"

Mutane suka ɗauki tafi, wani ya danna ham. Arvo ya cire hular kwano, gashinsa fari ya miƙe tsaye. Ya ɗaga hannuwansa. Rawa suke yi, har sun fi na ranar bakin kogi. Rhonda ta kama ɗaya ta riƙe, sai ya ji nata ma rawa yake.

"Kofi ne?" ya tambaye ta.

"Yi shiru, Baba." Ta share ido da bayan hannu. "In ƙanƙara ta narke za ka zo a duba maka ido da hannun nan. Wannan ba ciniki."

"Zan zo. Da Kwaɗo zan zo."

Sai ya zare makullin ya miƙa mata. Ta yi turus.

"Ba na jaka ba ne. Zagayo ki gwada."

Ta gwada, shi a gefe. Tun daga kwanar farko ta fara girbi, mazurarai na tashi hagu da dama, ɗaya ma ya maƙale a ƙarƙashi suka ja shi har layi. Reino ya bi su da gudu yana tsinta yana zagi.

"Nas! A karɓe makullanta! A kai ta ɗakin ƙasa!"

Da yamma ta yi suka kama hanyar gida, Arvo a gaba rufi a naɗe, Rhonda a baya da motarta da kwalayenta a ninke. Duk tsawon hanyar dajin idonta na kan 'yar koriyar motar, tana bin tsakiyar layinta kamar an ja ta da zare. A bakin gida, inda akwatin wasiƙu ke tsaye kan sabon gungume da lotsattsen gefensa, Arvo ya rage gudu, ya karya kwana kusa da shi har ya miƙa hannu ya rufe masa baki, sannan ya shige tsakar gida.